Baƙin Wuyan Nantume

Saura kwana shida a buɗe makarantu, Teopista ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin gado tana lalubar takalman makarantar 'yarta Nantume, sai ta taɓo wata leda. Ta jawo ta fili. Audugar mata ce, ƙunshi biyar, ko ɗaya ba a farke ba.

Ita ce take sayo ta duk ƙarshen wata, ta ɗora a kan katifa ba tare da ta ce uffan ba, don a wurinmu uwa ba ta zama ta yi wa 'yarta irin wannan zance, aikin gwaggo ne. Ƙunshi biyar, wata biyar ke nan. Ta zauna daɓas a kan siminti, kunnuwanta suna ƙara. Ta taga tana hango Nantume a tsakar gida tana feraye ayabar matoke, ta juya mata baya. Bayan nata ya cika kujerar katakon har ya zubo ta gefe.

Kowa a layin ya san Nantume mai jiki ce tun tana goye. Tana 'yar shekara goma sha uku aka tura su asibitin unguwa daga makaranta, aka buɗe mata kati, aka ce nauyin ya fi ƙarfin shekarunta, a rage soye-soye da lemon kwalba, a yawaita tafiya. Kuma an fara ganin haske. Kullum da ƙafa take hawa tudun Kasubi zuwa makaranta, aka sa ta cikin 'yan wasan ƙwallo, duk ƙarshen wata su tsaya wurin mutumin nan mai ma'auni a bakin titi ta hau, allurar ta ɗan ja da baya. Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe hanyoyi, mai ma'auni ya tattara ya koma ƙauye, katin kuma ya shige ƙarƙashin littafin addu'a bai sake fitowa ba.

Tumatir da albasa Teopista take sayarwa. Da dokar kulle ta tsananta, aka ce masu kayan abinci su zaɓa, ko su riƙa kwana a rumfunansu ko su rufe su zauna a gida. Macen da miji ya rasu ya bari da 'ya ɗaya, zaɓin me za ta yi? Ta ɗaura gidan sauro tsakanin kwanduna ta tare a kasuwa. A can kuwa hira ɗaya ce a bakin mata: 'yar wance ta yi ciki, 'yar wance ma haka, ita wannan ko firamare ba ta gama ba. Rediyo ya faɗa, an faɗa a coci. Tsoro ya kama Teopista, ta sayi ƙaton kwaɗo irin na ƙofar shago. Famfo da banɗaki duk suna cikin gida, saboda haka ta kafa doka, Nantume ba za ta taka waje ba sai ran da aka buɗe makaranta. Mabuɗin ta zura shi a igiyar carbin da ke wuyanta.

To amma uwa ce. Duk sa'ad da ta tuna yarinyar tana zaune ita kaɗai sai ƙirjinta ya yi nauyi, kuma ba ta da abin lallashi a hannu sai abinci. Kizza, wani dattijo mai babur ɗin haya, wato boda, a bakin kasuwa, shi ya zama ɗan aike, tunda an hana su ɗaukar mutane sai kaya. Da safe gurasar capati da ƙwai a nannaɗe da fanken mandazi huɗu, da rana soyayyen rogo da lemon kwalba mai sanyi. Ya miƙa ledar ta saman ƙofar langa-langa, hannu ya fito ya karɓa. Da aka sassauta dokar Teopista ta koma kwana gida, amma makarantu sun kusa shekara biyu a rufe, don haka kwaɗon bai sauka ba, ledar ma ba ta daina zuwa ba. Ta ga jikin yana ƙaruwa mana, ai ba makauniya ba ce. Ta ce girma ne. A ranta ma har alfahari take yi, 'ya'yan wasu sun watse a titi, tata tana ɗaki tana sheƙi.

Yanzu ga leda a hannunta, kuma ta san a ranar farko za a jera 'yan mata a duba cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta fita tsakar gida ta jefa ledar a gaban yarinyar.

"Wa ya yi miki?"

Nantume ta ɗago, wuƙa a hannu. "Ya yi mini me, Maama?"

"Kada ki raina mini hankali. Wata biyar! Wane ne?"

Yarinyar ta dubi ledar, ta sunkuyar da kai har haɓarta ta nutse a wuya. "Daina zuwa ya yi kawai. Na ji kunyar faɗa miki."

"Daina zuwa ya yi! Motar haya ce da za ta canza hanya? Ni na kwana kan buhun albasa, sauro ya cinye ni, don in tsare ki, ashe ke kina nan kina buɗe wa wani taga. In na san shi sai an ɗaure shi! Za ki faɗi sunansa ko sai na ci mutuncinki?"

"Babu kowa, Maama."

"Za ki faɗa."

Ba ta faɗa ba. Ta ci gaba da feraye ayabar, hawaye na ɗiga a kan ɓawon, Teopista kuwa ta ɗauki waya ta kira Senga.

Senga Nakku yayar marigayi mijinta ce, ita ce gwaggon da al'ada ta ɗora wa maganar 'yan matan gidan, kuma ba ta wasa da wannan kujera. Washegari da hantsi ta iso daga garin Mpigi cikin doguwar riga mai tsinin kafaɗa, da jaka a hammata. Nantume ta zo ta durƙusa gaishe ta kamar yadda kowace 'ya take yi. Durƙusawar ta yiwu da ƙyar. Tashin ne ya zama aiki, sai da ta kama ƙyauren ƙofa da hannu biyu, tana haki. Senga ba ta amsa gaisuwar ba, kallo take yi.

"Juyo nan. Ɗaga kanki." Ta sa yatsa ta ja wuyan rigar yarinyar ƙasa. "Matar ƙanena, kina da idanu kuwa, ko ado ne a fuskarki? Zo ki gani."

Teopista ta matso. Zagayen wuyan Nantume ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri kamar an shafa zunzurutun gawayi. Ta daɗe da ganinsa. Sau nawa ta yi mata faɗan ƙazanta, har soson buhu ta ba ta ta ce ta dirje.

"Wannan ba dauɗa ba ce," in ji Senga. "Duk macen da ta ɗauka, wuya ne ke fara tona ta. Ke, kina yawan barci da rana?"

"E, Senga."

"Fitsari fa?"

"Ina yawan yi."

"Ƙishirwa?"

"Sosai."

"Dubi ƙafafun, kamar an hura. Shekara talatin ina duba 'yan matan danginmu, ban taɓa kuskure ba. Kuma namiji ne, ki rubuta ki ajiye." Ta zauna ta gyara ɗamara. "Kin kashe mu, matar ƙanena. Aka bar miki 'ya ɗaya tal. Wane namiji ne ke zuwa ƙofar nan?"

Teopista ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna. Akwai ɗaya, sau biyu a rana, kusan shekara biyu, kuma ita ce take aiko shi.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta isa matsayar 'yan boda da rana tsaka, suna zaune kan baburansu a inuwar bishiyar mangwaro, Kizza yana cin gasasshiyar masara. Ta ci kwalarsa a gaban kowa. Abin da ta faɗa masa ba zai maimaitu ba, ta haɗa da furfurarsa da jikokinsa da cocin da yake karanta Littafi a ciki ranar Lahadi. Matasan suka taso suna "Kai, Maama, lafiya?" masu talla suka ajiye farantai. Kizza bai ɗaga hannu ba. Ya bari ta gaji, sannan ya cire yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Maama Nantume, rabon da in ga fuskar yarinyar nan tun kafin ciwon nan ya zo. Hannunta kawai na sani. Da akwai wani abin hannu na duwatsu da take sawa, har gwiwar hannu yake zamewa in ta miƙo. Bara ya shige cikin nama, bana babu shi, ina jin yanke shi aka yi. Sau biyu ina ce miki ledar nan ta yi wa mutum ɗaya yawa, kika ce in tsaya a tuƙina." Ya ɗauki masararsa da ta faɗi ya kakkaɓe. "Na tsaya a tuƙina."

Wani daga cikin matasan ya tuntsire da dariya, aka daka masa tsawa. Teopista ta juya. Ba ta yarda da shi ba, ta ce a ranta duk haka suke rantsuwa.

Senga ta yanke cewa a je asibiti a ji wata nawa ne, don ta san abin da za ta gaya wa dattawan dangi. Da safe Teopista ta buɗe kwaɗon, Nantume ta tako waje tana ƙifta ido. Takalman makaranta sun ƙi shiga gaba ɗaya, sai wasu masu maɗauri aka tura ƙafar ciki da ƙarfi. Matan layin suna bakin ƙofofinsu suna wanki, kuma labarin Kizza ya riga ya zagaya. Hira ta tsaya cak. Teopista ta ɗaga ƙafa ta yi gaba, ta bar tazarar da wanda bai sani ba ba zai ce tare suke ba. Tana jin hakin yarinyar a bayanta, ba ta waiwaya ba.

Ma'aikaciyar jinyar da suka samu, Musawo kamar yadda ake kiransu a nan, mace ce gajera mai tabarau, ba ta da lokacin kowa. Senga ta fara jawabi tun daga wuya har ƙafa, matar ta ɗaga mata hannu.

"Hajiyar likitoci, bari mu ma mu ci abinci. Yarinya, biyo ni."

Suka daɗe a ciki. Teopista tana zaune a benci tana jan carbi, mabuɗin yana bugun ƙirjinta duk sa'ad da ta motsa. Ba roƙon lafiya take yi ba, gaskiya ɗaya ce. Suna take so. Tana so a ba ta sunan wanda ya lalata mata 'ya, ta kai shi inda za a ɗaure shi, layin nan kaf ya san ita ta yi nata.

Aka kira su. Nantume tana zaune a gefen gado, an manna mata auduga a yatsa.

"Ba ta da ciki," in ji ma'aikaciyar. "Babu, kuma ba a taɓa yi ba."

Teopista ba ta san lokacin da ta zube a ƙasa ba. Ta ɗaga hannu sama ta rangaɗa guɗa, a cikin asibiti, har masu jiran layi suka leƙo. "Na gode Yesu! Na gode Uwa Maryamu! Kun rufa mini asiri! Senga, kin ji? Ƙiba ce kawai! Ƙiba ce!" Tana dariya tana share hawaye, har ta fara tsara yadda za ta bi layin gida gida da takardar asibiti a hannu.

"Kin gama?" in ji ma'aikaciyar.

Matar ta jawo wani tsohon fayil ta buɗe. Ta ce zuwansu na ƙarshe kafin kulle yarinyar tana kilo sittin da biyar, tana sauka. Yau tana casa'in da bakwai. Ta ce jininta ya hau irin na dattijuwa, sukari kuma yana bakin ƙofa, in ba a tashi tsaye ba zai shigo ya zauna har ƙarshen rayuwarta. Baƙin wuyan nan da ake ta dirza, jiki ne yake kuka da sukari. Ƙishirwar da fitsarin da barcin duk tushensu ɗaya, al'adar ma nauyin ne ya rikita ta. Senga ta buɗe jaka ta shiga neman wani abu da ba ya ciki.

"Ba ita kaɗai ba ce," in ji matar. "Tun da aka fara maganar komawa makaranta nake ganinsu, kusan duk masu katin nan sun dawo mini da ƙari. Amma kilo talatin da biyu ban gani ba sai yau. Me take ci?"

Nantume ce ta lissafa, a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba, tun daga capati har lemon kwalba.

"Wa ke ba ki?"

"Aiko mini ake yi."

"Tafiya fa? A rana kina zuwa ina da ina?"

"Daga gado zuwa ƙofar gida taku goma sha ɗaya ne, Musawo. Da farko ina zuwa in dawo sau hamsin, kamar yadda kuka ce in riƙa motsawa. Daga baya gwiwata ta fara ciwo, na bari."

"Me ya hana ki fita ki zaga unguwa?"

Idon yarinyar ne kawai ya sauka a ƙirjin uwarta, inda mabuɗin yake lilo a jikin carbi, ma'aikaciyar ta bi idon da kallo. Teopista tana nan durƙushe inda ta yi guɗa. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa har tsakiyar kai, irin kunyar da mutum yake jin da ma ƙasa ta tsage. Ba kallon matar ne ya fi ƙona ta ba. Guɗar ce. 'Yarta tana zaune da ciwo a jini, ita kuwa ta yi murna a gabanta, da ƙarfi, don ciwon ba irin wanda maƙwabta za su yi dariya a kai ba ne.

Aka ba su sabon kati da takardar abin da za a ci da wanda za a bari, aka ce su dawo bayan mako biyu su ga likita. Ma'aikaciyar ta ce yarinyar ta koma makaranta ranar Litinin, da ƙafa, ko da za ta huta sau goma a hanya.

Suka fito rana ta take. Senga tana gaba yanzu, tana bayani ga iska cewa ita dama ta ce a zo asibiti, kuma alamomin ai duk iri ɗaya ne, ko wace ce za ta ruɗe. Hanyar gida hawa ce. Ba su kai rabin tudun ba Nantume ta tsaya, ta dafa katangar wani shago, gumi yana zuba daga haɓarta. Can sama ana hango bishiyar mangwaro da baburan 'yan boda a jere, kuma babu wata hanyar sai ta gabansu.

Teopista ta dawo da baya ta tsaya kusa da ita. Tana so ta ce wani abu, ta rasa ta inda ake farawa. Abin da ya zo bakinta shi ne, "Kina jin yunwa? In sayo miki..." sai ta datse harshenta.

Nantume ta numfasa har numfashin ya daidaita. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Maama, kwana uku kina tambayata wa ya yi mini."

"Bar maganar nan, 'yata."

"Kin ce sai na faɗi suna. Kin ce in kin san shi sai an ɗaure shi." Ta dubi uwarta ido cikin ido, karo na farko tun ranar ledar. "Har yanzu kina so in faɗa?"

Motoci suna wucewa, wani mai kwandon abarba ya ratsa ta tsakaninsu yana neman hanya. Teopista ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan ƙafafun yarinyar. Maɗaurin takalmin ya nutse cikin kumburin, ya yanka fatar, jini ya bushe a gefen ƙarfen. Tun daga gida take tafiya a haka, a bayanta, ba ta ce komai ba.

Ta durƙusa a kan jar ƙasar bakin titi, gwiwa biyu, a gaban 'yar da ta haifa, ta fara kwance maɗaurin. Senga ta waiwayo ta dafe ƙirji.

"Matar ƙanena! Uwa ce ke durƙusa wa 'ya? Tashi, mutane suna kallo!"

Suna kallo kuwa, har 'yan boda sun miƙe tsaye a kan tudu. Ƙarfen ya ƙi fita daga ramin sai da ta ja shi da ƙarfi, mabuɗin ya zamo daga cikin rigarta yana taɓa ƙafar yarinyar.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji Teopista, kanta a ƙasa. "Ɗaga ɗaya ƙafar."